Retik ɗinsa 0.6, takarda ta ce daidai ne, amma likita ta ce a keɓe shi

Uwar Jarumi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga bakin gadon asibiti nake rubuto wannan, yarona ya samu barci yanzu. Shekararsa 7, sikila ne, SS. Tun yana ƙarami PCV ɗinsa, wato awon yawan jininsa, tsakanin 22 da 25 yake zama, mun saba da haka, yana zuwa makaranta yana wasansa. Makon jiya ya yi ɗan zazzaɓi da mura na kwana biyu, aka gwada maleriya babu, ya warware. Sai shekaranjiya na lura ba ya son tashi, ko tsakar gida ya ratsa sai ya tsuguna yana haki. Na ja fatar idonsa ƙasa na ga fari fat, tafin hannunsa ma haka. Abin da ya ruɗe ni shi ne idonsa da kullum ke da ɗan rawaya ya washe, har na ce wa babansa ai sauƙi ne ke zuwa.

Da muka zo aka auna, PCV 13. Likita ta ce a ɗebi jini a yi wani gwaji wai shi retik kafin a ɗaura masa leda. Sakamako ya fito 0.6, a gefen takardar kuma an buga cewa daidai shi ne 0.5 zuwa 2.5. Ni da na ga yana cikin daidai sai na yi hamdala. Ita kuwa tana gani ta ce a raba shi da sauran yaran ɗakin, gobe a kawo ƙanwarsa a duba ta, don ita ma SS ce. Marasa lafiya sun yi mata yawa, ban samu na tambaye ta ba. Don Allah masu ilimin abin, mene ne retik? In daidai ne, me ya tayar mata da hankali?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. An dai ƙara masa jinin ko? In kun koma gida ki dage da zogale da alayyafo da hanta, ki haɗa masa da maganin ƙarin jini na kwalba. Jikokina da shi muke lallaɓawa.

Uwar Jarumi:
Amin Hajiya, na gode. An ƙara masa tun la'asar, leɓensa ya fara yin ja.

Malamin Lab:
Sannu da jinya Maman yaro. Wannan aikina ne, bari in yi bayani yadda zan iya.

Jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargon ƙashi ake ƙera su. Idan ƙwaya ta kusa nuna sai ta zubar da cibiyarta ta fito cikin jini, amma ba ta gama nuna ba, akwai ragowar kayan aikin da ta yi amfani da su wajen haɗa himogulobin (jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin) a cikinta, abin da muke kira RNA. Tana yin kamar kwana ɗaya a haka, sannan ragowar ta ɓace ta zama cikakkiyar ƙwaya. Wannan ɗanyar ƙwayar ita ce retikulosait, mu a lab retik muke cewa. Sunan daga kalmar Latin ya fito mai nufin 'yar raga, domin in ka sa mata rini ka duba a madubin lab mai ƙara girman ƙananan abubuwa, za ka ga wasu zare-zare da ɗigo-ɗigo shuɗɗa a cikinta kamar an cusa guntun raga.

Jar ƙwaya ta mai lafiya tana yin kwana 120 kafin ta mutu. Ke nan kullum jiki yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari, ɓargo kuma yana mayar da kashi ɗaya. Daga nan aka samo wancan 0.5 zuwa 2.5 da kika gani a takarda. Lambar mutumin da jininsa yake cike ce.

Ki ɗauki randar ruwa. PCV leƙa randa ne ka ga inda ruwa ya tsaya. Ya yi ƙasa, to, amma me ya sa? Randar ce ke yoyo, ko ɗan garuwa ne ya daina kawowa? Leƙe ba zai gaya miki ba. Retik shi ne ƙirga garwa nawa aka zuba yau. In randa na yoyo kuma ɗan garuwa lafiyarsa ƙalau, za ki gan shi yana ta zirga-zirga, retik ya hau. In randa ta yi ƙasa shi kuma shiru, to matsalar tana wajen mai kawowa.

Likitar Yara:
Malam ya gama rabin aikin. Bari in ɗora a kan ɗanki, amma ki riƙe cewa likitar da ke gabansa ita ce ta gan shi, maganarta ce gaba da tawa.

Ƙwayar jinin mai sikila ba ta kai kwana 120, kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Randarsa kullum cikin yoyo take. Abin da ke riƙe shi a PCV 24 shi ne ɓargonsa yana aiki ninki biyar ko shida na na sauran mutane, dare da rana. Shi ya sa mai SS da ke zaune lafiya za ki samu retik ɗinsa 8, 10, 15, wani har 20. Wannan ne daidai ɗinsa. Ranar da kika ga 0.6 a jikin yaron da ya saba da 12, ga kuma PCV ya faɗo zuwa 13, ma'anarsa masana'antar ta tsaya cak.

Abin da ya fi jawo haka wata ƙwayar cuta ce, farbobairos B19. Tana shiga ta numfashi kamar mura, ta wuce kai tsaye ta kama uwayen jajayen ƙwayoyi a cikin ɓargo, ta hana su haihuwa na kwana 7 zuwa 10. Yaro mai AA in ta kama shi ba wanda zai sani, don a kwana goman bai rasa ko kashi goma cikin ɗari na jininsa ba. Mai SS kuwa a mako guda zai iya rasa rabi. A 1981 aka gano alaƙarta da wannan faɗuwar jini ta masu sikila, a Landan da kuma Jamaika.

Wannan washewar ido da kika gani ma tana cikin alamomin. Rawayar idonsa daga fashewar ƙwayoyi take zuwa. Da ƙwayoyin suka ragu kuma babu sababbi, abin fashewa ya ragu, sai ido ya yi haske. Iyaye da yawa suna murna da shi, ba ke kaɗai ba. Na fi son duk uwar mai sikila ta san cewa ido ya washe tare da kasala da haki ba sauƙi ba ne.

Keɓe shi da aka yi don kada ya shafa wa sauran yara masu sikila ne da mata masu ciki. Ƙanwarsa kuma gida ɗaya suke, kwano ɗaya, sau da yawa 'yan uwa bi da bi suke kamuwa.

Uwar Jarumi:
Innalillahi. Likita, abokiyar zamana tana da ciki wata biyar, kuma ita ta riƙe shi kwana biyun da ya yi zazzaɓi. Sannan ɓargon nan zai dawo kuwa?

Likitar Yara:
Zai dawo da yardar Allah. Da kansa yake farfaɗowa idan jiki ya yi maganin ƙwayar, jinin da aka ƙara gada ce ta tsallakar da shi kwanakin. Retik ɗin ne kuma zai fara ba da labari, shi ke tashi kafin PCV ya motsa. Wanda ya yi ta sau ɗaya yawanci ya samu kariya har abada. Ita abokiyar zamanki ta je wajen awo ta faɗa musu abin da ake zargi, kada ta jira ranar da aka ba ta. Mafi yawan masu ciki ba abin da ke samun su, amma cutar tana iya rage jinin ɗan tayi, musamman a rabin farko na ciki, don haka akan bi da hoton ciki.

Hajiya, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki a abu ɗaya. Zogale da alayyafo da hanta abinci ne mai kyau, a ba shi. Amma maganin ƙarin jini na kwalba yawancinsa sinadarin ayon ne, wato ƙarfe, mai sikila kuma ba ayon ya rasa ba. Ƙwayoyinsa da ke fashewa a jiki suke barin nasu, kowace ledar jini da aka ƙara masa tana kawo wajen miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar. Taruwa yake a hanta da zuciya. Folik asid ne nasu na kullum. Ayon sai an gwada an ga babu.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. Shekara nawa ina saya musu a kemis, ba wanda ya taɓa ce mini haka. Na gode 'yata, zan kai kwalbar asibiti in nuna ranar da za su koma.

Baban 'Yan Biyu:
Ni fa ina da magana, a yi mini afuwa. Yaro ya zo PCV 13, kowa ya san jini za a ƙara masa. Ko retik ya fito sifili ko ya fito ɗari, leda dai za a ɗaura. To mene ne amfanin ɗora wa talaka kuɗin wani gwaji? Ni na taɓa kai matata wani asibiti, aka rubuto mana gwaji har bakwai, na sayar da buhun masara na biya, ƙarshe ba wanda ya ko buɗe takardun a gabanmu. Tun daga ranar nake ganin yawancin gwaje-gwajen nan hanyar karɓar kuɗi ce.

Jami'in Lafiya na Karkara:
Alhaji, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, duk wanda ya rubuta gwaji wajibi ne ya karanta ya yi wa mai shi bayani. Kuma ta wani gefen ina bayanka. Inda nake aiki ba mu da retik, ba mu da rinin ma. Yaro in ya zo fari fat yana numfashi sama-sama, ba zan tsaya neman gwajin da sai an yi tafiyar awa biyu ba. Jini ne, ko in tura shi inda jini yake nan take.

Amma in akwai gwajin a wurin, yana canza abin da za a yi. Mai sikila ƙarami jininsa na iya faɗuwa ta wata hanyar dabam: saifa ta kumbura ta tsotse jinin ta riƙe. Wannan cikin awoyi yake kisa. A nan retik sama yake, don ɓargo lafiya lau yake. Shi wannan in za a ƙara masa jini kaɗan-kaɗan ake yi, domin saifar za ta sako wanda ta riƙe, jini ya zo ya yi kauri fiye da kima. Kuma yana maimaituwa, har a kai ga maganar cire saifa. Na ɗan Maman Jarumi kuwa ba ya dawowa, amma yana yaɗuwa. Leda ɗaya ce, amma abin da ke biye da ledar ba ɗaya ba ne.

Ni da ba ni da retik, hannuna nake sawa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu in lalubi saifa. Iyaye ma ina koya musu, kullum lokacin wanka.

Baban 'Yan Biyu:
To na ji wannan. Amma me zai hana a ƙara jinin tukuna, hankali ya kwanta, gobe a yi gwajin?

Malamin Lab:
Alhaji, ba a jiran sakamako kafin a ɗaura leda, ɗiban jinin kawai ake yi kafin. Minti ɗaya ne, cikin 'yar kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa, tare da wanda za a kai don haɗa rukuni. Da zarar jinin wani ya shiga jikinsa, abin da zan ƙirga gauraye ne, nasa da na mai bayarwa. Ƙarin jinin kansa kuma yana sa ɓargo ya sassauta. Haka ma gwajin jinotayip, in aka yi bayan ƙarin jini sai mai SS ya fito kamar AS. Na sha ganin an kawo mini kwalba kwana biyu bayan leda uku ana tambayar me ya jawo ƙarancin jinin. A lokacin sawun ya riga ya goge.

Batun kuɗi kuma, retik na hannu yana cikin gwaje-gwaje mafi arha da muke da su. Rini ne da gilashi da idon mutum. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a cika nemansa ba. Sai kwalbar rini ta lalace a kan kanta ba a yi gwaji ashirin da ita ba, alhali kullum ana rubuto PCV, PCV, a ba mutum maganin jini ya tafi, bayan wata uku ya dawo a sake PCV.

Ɗalibar Lab:
Malam, ina aji uku, mun yi shi sau ɗaya a firaktikal amma ban gane ba sosai. Me ya sa ba za a ƙirga su a kan fim ɗin Leishman ba, wato jinin da muke shafawa a gilashi mu rina kullum?

Malamin Lab:
Saboda Leishman yana da methanol, yana busar da ƙwaya ya kafe ta kafin rini ya shiga. RNA ɗin sai ya bazu, ƙwayar ta fito 'yar babba mai launin toka-toka da shuɗi, ba raga. Wannan ne polikromeshiya da kuke rubutawa. Alama ce mai amfani, in kin ga ta cika fim kin san ɓargo yana aiki, in kin ga PCV 13 babu ko ɗaya ki ɗaga waya ki kira likita. Amma ba ƙirga ba ce.

Don ƙirga, ƙwayar tana da rai ake rina ta. Ɗigo biyu ko uku na jini, daidai da shi na rinin new methylene blue ko brilliant cresyl blue, a cikin ƙaramin bututu. Ki ajiye a ɗumin digiri 37 minti 15 zuwa 20. Ki sake girgiza shi a hankali kafin ki ja fim, wannan wurin ɗalibai ke mantawa, retik ba su kai cikakkun ƙwayoyi nauyi ba, sama suke tasowa. Ki bar shi ya bushe, ba a kafewa. Ki sa mai ki duba da babban idon madubi, ki ƙirga jajayen ƙwayoyi 1000, ki ware masu zare ko ɗigo shuɗi biyu zuwa sama. In kin samu 6, shi ne 0.6 cikin ɗari.

Kuma ki san rauninsa. Shida cikin dubu, wani in ya ƙirga zai samu 4, wani 9. Garin rini da ba a tace ba yana kama da retik. Injinan zamani irin na Sysmex suna rina RNA da rini mai ƙyalli su ƙirga dubun-dubatar ƙwayoyi, sun fi mu daidaito nesa. Har suna faɗin yawan himogulobin da ke cikin retik ɗin, wanda ke nuna ko ayon ya isa ɓargo a 'yan kwanakin nan. Amma bambanci tsakanin 0.6 da 12 ba ya buƙatar inji.

Ungozoma:
Ni tambayata ta masu ciki da masu jego ce. Akwai wadda na tura, PCV 25, retik ya fito 3. Uku ya wuce 2.5, na ɗauka ɓargonta yana ƙoƙari. Likita ya ce a'a, bai isa ba. Yaya abin yake?

Likitar Yara:
Anti, likitan ya yi daidai, kuma nan ne mutane da yawa ke zamewa, har da mu. Retik kaso ne cikin ɗari. Makiyayi yana da shanu 100 da maruƙa 2, kashi biyu ke nan. Annoba ta kashe manya ya rage da 50, maruƙa na nan 2. Yanzu kashi huɗu ne, amma haihuwa ba ta ƙaru ba.

Don haka ake gyarawa. Ki ninka retik da PCV ɗin mutum, ki raba da 45. Taki: 3 sau 25, a raba da 45, ya ba da kusan 1.7. Akwai gyara na biyu. In jini ya yi ƙasa, ɓargo yana sako ƙwayoyi tun ba su kai ba, sai su yi kwana biyu a jini suna ɗanye maimakon ɗaya, ka ƙirga na jiya da na yau tare. A PCV 35 ana rabawa da 1.5, a 25 da 2, a 15 da 2.5. Taki 1.7 a raba da 2, bai kai 1 ba. Ɓargon da ke amsa kira yadda ya kamata sama da 2 yake bayarwa. Ke nan nata yana son aiki amma wani abu ya hana shi, a mai ciki kuma abu na farko da za a nema ayon ne, sai folik asid.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Mu nan Nijar ba mu cika wahala da wannan lissafin ba, don tsarin Faransa muka gada, adadi ake rubutowa kai tsaye. In retik ya haura 120,000 a kowace mikrolita ta jini, a ce ƙarancin jini ne mai farfaɗowa, a nemi zubar jini ko fashewar ƙwayoyi. In bai kai ba, a ce marar farfaɗowa, a nemi abin da ya hana ɓargo. Tun a makarantar koyon aikin jinya da wannan ake fara raba ƙarancin jini gida biyu. Masu emasi, wato sikila a wajenku, ina ba iyayensu shawara su riƙe ɗan littafi a rubuta himogulobin da retik na lokacin da yaro yake lafiya. Ranar ciwo da shi za a gwada.

Malamin Lab:
Wannan ya fi, ɗan'uwa. Mu ma in akwai adadin jajayen ƙwayoyi daga inji, ninkawa kawai ake yi. Mai ƙwayoyi miliyan 2.5 da retik 2 cikin ɗari yana da 50,000. Ga mai cikakken jini ba laifi, ga wanda jininsa ya kai rabi ya yi kaɗan ƙwarai. Shawarar littafin nan kuma a ɗauke ta. Da takardar ɗan Maman Jarumi tana ɗauke da "ya saba 12" a gefe, da ita kanta ta gane.

Ungozoma:
To in na fara ba mace ayon, yaushe zan san yana aiki? Wasu sati ɗaya suke dawowa a auna PCV, in bai motsa ba su ce maganin banza ne su watsar.

Likitar Yara:
PCV yana da jinkiri, sai an yi mako biyu zuwa uku ake ganin himogulobin ya ƙaru da kamar giram ɗaya. Retik kuwa daga kwana na 3 zuwa na 5 yake fara tashi, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana 7 da 10. In an gwada a lokacin bai tashi ba, ki bincika. Tana sha kuwa, ko tashin zuciya da baƙin bayan gida sun sa ta ajiye? Da shayi take haɗiya? Shayi yana hana hanji tsotsar ayon. Akwai tsutsar ciki ko jinin da ke zuba a ɓoye? Ko kuwa tun farko ba ayon ba ne?

Wannan dabarar tsohuwa ce. A 1926 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, George Minot da William Murphy, suka riƙa ciyar da masu wani mugun ƙarancin jini da ke kisa a lokacin da hanta mai yawa kullum. Abin da ya fara nuna musu cewa sun dace shi ne retik da ya yi tsalle cikin mako guda, tun jinin bai ƙaru ba. Sun samu kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Sai daga baya aka gano abin da ke cikin hantar bitamin B12 ne. Don haka Hajiya, hantarki tana da tarihi.

Kawu Direba:
Ni ciwon ƙoda gare ni, ana yi mini wankin jini. Kullum jinina ƙasa, na sha maganin jini har na gaji. Retik ɗina 0.8. Ɓargona ne ya mutu?

Likitar Yara:
Sannu Kawu. A yawancin masu ciwon ƙoda ɓargo lafiyarsa ƙalau, aike ne ba ya isa gare shi. Ƙoda ce ke lura in iskar oksijin ta ragu a jini, sai ta saki wani sinadari, eritropoyetin, ya je ya ce wa ɓargo ƙara aiki. In ƙoda ta raunana saƙon ba ya fita. Allurar EPO da ake yi wa masu wankin jini ita ce madadinsa, kuma ba ta aiki sai da isasshen ayon, shi ya sa ake yawan haɗa ta da ayon ta jijiya. Ka tambayi likitanka na ƙoda ko an duba ma'ajiyar ayon ɗinka.

Kawu Direba:
An rubuta mini allurar, tsada ce ta sa nake tsallakewa. Zan gaya masa gaskiya wannan karon.

Jami'in Lafiya na Karkara:
Likita, wani abu da nake gani. Yaro ya sha magani, kwana biyu fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara, ido ya yi rawaya, jini ya faɗi. Mun tura birni aka yi gwajin G6PD, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyi daga fashewa, aka ce lafiya lau. Bayan wata shida ya sake yi.

Malamin Lab:
Retik ne ya ruɗi gwajin. Irin rashin G6PD da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, sinadarin yana nan a sabuwar ƙwaya, da tsufa yake ƙarewa. In abin ya tashi, tsofaffin ƙwayoyi ne ke fashewa, a bar sababbi da retik masu ɗauke da shi. Ka gwada a ranar sai ya fito kamar daidai. A jira kamar wata uku bayan ya warke a sake. Kafin nan a ɗauke shi a matsayin mai shi, a rubuta sunan maganin da ya sha. Kuma a gaya wa iyaye su raba kayan jarirai da kafur ɗin da ake sawa a akwati, kada kuma a shafa wa jariri lalle, duka biyun suna fasa jinin mai wannan larura. Ya fi yawa a maza.

Ɗaliba, ki lura a wannan fim ɗin na retik za ki iya ganin ƙwallon Heinz, ɗigo ɗaya manne a gefen ƙwaya. Kada ki ƙirga shi a retik.

Ɗan Maraɗi:
A ƙara da maleriya. Tana fasa ƙwayoyi, kana zaton retik zai hau, amma lokacin da zazzaɓin ke kan ganiyarsa tana danne ɓargo, sai ka gan shi ƙasa. Bayan an kashe ƙwayar cutar da 'yan kwanaki yake tashi. Don haka a damina retik ƙasa a mai emasi ba kullum farbobairos ba ne.

Likitar Yara:
Haka ne. Kuma masu shan haidroksiyuriya, maganin da ke rage tashin sikila, shi ma yana rage retik, wani ɓangare na aikinsa ke nan tunda fashewa ta ragu. Amma in ya sauka ƙasa da 80,000 tare da himogulobin ƙasa, akan dakatar da maganin a sake gwaji. Maman Jarumi, in yana sha ki tabbata likitarsa ta sani. Sannan in retik ya yi ƙasa tare da fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini duka, wannan wani babi ne, sai an duba ɓargon kansa.

Uwar Jarumi:
Ba ya sha tukuna, an dai yi mana maganarsa. Likitar ta zagayo da dare na tambaye ta, kusan abin da kuka faɗa ta faɗa. Ta ce sauran ƙwayoyinsa lafiya, saifarsa ba ta kumbura ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Uwar Jarumi:
'Yan uwa, yau kwana tara, na ce bari in dawo in ba ku labari. An sallame mu tun ranar Laraba. Jiya muka koma, PCV 23, retik 14. Ma'aikacin lab ɗin da na roƙa ya bar ni na leƙa madubin, na ga ƙwayoyin kore-kore, wasu da ɗigon shuɗi a ciki birjik. Ya ce waɗannan duk nasa ne, na leda ba sa zuwa da haka.

Ƙanwar tasa ranar farko PCV ɗinta 24, retik 9, aka ce mu dawo bayan kwana uku. Da muka koma retik ya sauka 0.9, PCV 20, alhali tana ta wasanta, ba abin da za ka gani a jikinta. Aka ci gaba da auna ta kullum, da ya kai 16 aka ƙara mata jini, ba ta kai ga hakin da yayanta ya yi ba. Tana gida yanzu, jibi za a sake dubawa. Abokiyar zamana ta je awo, an yi hoto lafiya, an ce ta riƙa dawowa ana sakewa.

Na sayi littafin da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ce, kowa da shafinsa.

Baban 'Yan Biyu:
Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara sauƙi. Malamin Lab, 'yan biyuna ɗaya SS ne, bai taɓa yin wannan gwajin ba. In zan kai shi a rubuta nasa na lokacin lafiya, sai ya yi azumi ko kuwa?

Malamin Lab:
Ba ya buƙatar azumi, Alhaji, ya ci abincinsa. Ka zaɓi lokacin da ba ya zazzaɓi ko ciwon ƙashi, kuma ya kai wata uku rabonsa da ƙarin jini. Ka ce a haɗa da cikakken ƙirgen jini a kwalba ɗaya, a yi shi a ranar, don retik yana ci gaba da nuna a cikin kwalba in ta kwana a zafi. In an ba ka takardar ka rubuta kwanan wata da PCV da retik a littafin, ka riƙa zuwa da shi duk ranar asibiti.